Jirgin da Iska Ta Mayar Baya: Nazarin Zaɓe da Ƙera Jirgin Shawagi Don Tudu Mai Iska

Wanda wannan nazari ya shafa mutum ne da ya shekara biyu yana tuƙa ƙananan jiragen shawagi, wato jiragen da ba su da inji, waɗanda ake sarrafa su daga ƙasa da rimot na rediyo. Jirginsa na farko da hannunsa ya haɗa shi daga katakon balsa mara nauyi, ya rufe shi da ledar da ke ɗamewa idan an goga mata zafi. Tsawon fikafikansa daga wannan baki zuwa wancan mita 2 ne, nauyinsa giram 800, kuma abu biyu kawai ke motsi a jikinsa, wato leɓen wutsiya na tsaye mai juya shi dama ko hagu, da leɓen wutsiya na kwance mai ɗaga hanci ko sauke shi. Bakunan fikafikan a tanƙware suke sama, abin da ke sa jirgin ya miƙe da kansa da zarar an saki sandar rimot. A fili shimfiɗaɗɗe, ranar da iska ta kwanta, jirgin ba shi da makusa, domin yakan kama iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa, ya yi ta kewaya cikinta kamar shaho har sai wuyan mai shi ya gaji da kallon sama.

Matsala ta taso ne lokacin da ya koma tashi daga wani tudu mai tsayin kimanin mita 40, wanda fuskarsa ke kallon inda iska ta saba fitowa. A irin wannan wuri iska ce da kanta ke riƙe jirgi, domin idan ta bugi gangare ba ta da hanya sai ta hau, kuma jirgin da ke cikin wannan iska mai hawa zai iya shafe sa'o'i bai sauka ba. Ma'aunin iska na hannu ya nuna cewa a yawancin ranaku iskar bakin tudun tana tsakanin mita 9 zuwa 11 a daƙiƙa, wato kilomita 32 zuwa 40 a awa, irin wadda ke kaɗa ƙananan bishiyoyi gaba ɗayansu.

A jifan farko jirgin bai yi gaba ba ko taku ɗaya. Ya miƙe sama kamar an ja shi da igiya, ya tsaya cak a kan mai shi, sannan ya fara ja da baya sannu a hankali alhali hancinsa na fuskantar iska. Mai jirgin ya danna sanda don sauke hanci, jirgin ya nutso ƙasa da sauri amma bai ci gaba ba, har ya wuce ƙoƙuwar tudun ya faɗa cikin iskar da ke birgima a bayansa, inda ta juya shi ta maka shi da ƙasa. Bayan gyara, sai ya ɗaure dalma giram 300 a cikin jirgin, domin ya ji ana cewa nauyi ne maganin iska. Wannan karon jirgin ya ɗan kutsa gaba, mai shi ya ji daɗi, ya nutsar da shi don ya ƙara gudu, ya ja sanda don ya ɗago, sai fiffiken dama ya karye daga gindi ya naɗe sama. A nan ne ya tsaya ya nemi sanin abin da ke faruwa kafin ya sake taɓa gam da katako.

Abin da lissafi ya nuna

Jirgin shawagi bai san gudunsa a kan ƙasa ba, gudunsa a cikin iska kawai ya sani. Idan yana tafiya mita 7 a daƙiƙa cikin iskar da ke zuwa masa da mita 10, to mai kallo daga ƙasa zai gan shi yana komawa baya da mita 3 a kowace daƙiƙa, ko da kuwa a wurin jirgin komai lafiya lau yake. Saboda haka tambayar farko ita ce, wane gudu ne wannan jirgi ke tafiya da shi idan an bar shi yadda yake so? Abin da ya fi komai ƙayyade wannan gudu shi ne nauyin da ke kan fiffike, wato nauyin jirgin idan an raba shi da girman shimfiɗar fikafikansa. Masu wannan harka sukan auna shi da giram a kan kowane fili mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi, wanda za a riƙa kira murabba'i a nan. Fikafikan jirgin suna da murabba'i 38, don haka giram 800 ya ba da giram 21 a kowane murabba'i. Idan aka ɗauki iska mai nauyin kilo 1.225 a kowace mita kubik, kamar yadda take a daidai da teku, lissafi ya nuna cewa irin wannan jirgi yana shawagi cikin natsuwa ne da kimanin mita 7 a daƙiƙa, wato kilomita 25 a awa. Tun kafin ya bar hannun mai shi iskar tudun ta riga ta fi shi gudu.

Ƙarfin ɗagawa da fiffike ke samarwa yana ƙaruwa ne daidai da gudu sau gudu, kuma daga nan ne dokar ƙarin nauyi ta fito. Idan aka ninka nauyin jirgi biyu, gudunsa ba ya ninkuwa, yana ƙaruwa ne da kashi 41 cikin 100 kawai. Dalmar da aka ɗaure ta kai jirgin giram 1,100, ta ƙara masa gudu da kashi 17 cikin 100, daga mita 7 zuwa 8 da 'yan kai. Har yanzu bai kamo iskar ba, kuma da za a so ya kamo ta da nauyi kaɗai, sai an ɗora masa dalma mai nauyin jirgin kansa.

Abu na biyu shi ne siffar yankan fiffike, wato yadda yake idan an yanka shi daga gaba zuwa baya aka dube shi ta gefe. Na wannan jirgi dangin Clark Y ne, siffar da Virginius Clark ya fitar a Amurka a 1922, mai shimfiɗaɗɗen ciki da ƙullutun baya, kaurinta kashi 11.7 cikin 100 na faɗin fiffike. Magina suna son ta domin tana kwanciya lif a kan tebur lokacin haɗi, kuma tana ɗaga jirgi sosai a ƙaramin gudu. Amma idan aka tilasta mata gudu ta hanyar sauke hanci, turjiyar iska a kanta tana hauhawa, sai jirgin ya riƙa zubar da tsayi fiye da yadda yake cin nisa. Wannan shi ne abin da mai jirgin ya gani a jifan farko, lokacin da danna sanda ya jawo nutso ba tare da ci gaba ba. Siffofin da aka tsara don gudu sun fi sirantaka kuma gantsarewarsu kaɗan ce. RG15, wadda Rolf Girsberger na Suwizalan ya tsara, kaurinta bai kai kashi 9 cikin 100 ba, haka ma MH32 ta Martin Hepperle na Jamus, kuma dukansu sun daɗe a kan jiragen tudu da na tsere.

Karyewar fiffiken kuwa ba ta da wani abin mamaki idan aka zauna da alƙalami. A nutson da ya kai mita 20 a daƙiƙa, jan sanda da ƙarfi yana iya sa fikafikai masu wannan girma su samar da ɗagawar da ta kai kimanin kilo 9.5, fiye da ninki takwas na nauyin jirgin har da dalmarsa. Duk wannan ƙarfi a gindin fiffike yake taruwa, kuma da yake dalmar a gangar jiki take, fikafikan na turawa sama ita kuma tana dannewa ƙasa a tsakiya. Da aka buɗe wurin karayar, sai aka ga azarar fiffiken siraran sanduna biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma babu allon da ya haɗa su sai a ɗakuna uku na farko daga gindi, wato guraben da ke tsakanin haƙarƙarin fiffiken. Sandar sama, wadda matsi ke kanta, ita ce ta fara lanƙwashewa daidai inda allon ya ƙare. A ganina ba za a ɗora wa wanda ya zana jirgin laifi ba, domin bai zana shi don ya ɗauki dalma ya yi nutso ba.

Akwai kuma tanƙwarar bakin fikafikai, wadda a ranar lumana alheri ce. A cikin iska mai gardama, duk bugun da ya zo ta gefe sai ya shiga ƙarƙashin bakin da ke sama ya kifar da jirgin, kuma leɓen wutsiya na tsaye ba ya gyara wannan nan take, sai ya fara karkata hanci kafin fiffike ya biyo baya. A kusa da ƙasa wannan ɗan jinkiri ya isa a yi asarar jirgi.

Zaɓi

Hanyoyi uku ne suka kasance a gabansa. Ta farko ita ce jirgi mara wutsiya, wanda kusan dukansa fiffike ne, da aka yanka daga kumfar roba da ake kira EPP. Wannan kumfa tana lotsewa ta dawo, don haka jirgin yakan daki dutse a ɗauke shi a sake jefawa, sai dai fatarsa ba ta da santsi sosai kuma ba ya riƙe gudu kamar jirgi mai tauri. Ta biyu ita ce jirgin tsere da aka zuba a mazubi da zaren gilas da na kabon, irin na rukunin F3F, mai fikafikai kusan mita 3. A wannan gasa, wadda hukumar wasannin sama ta duniya FAI ke kula da dokokinta, jirgi yana kai da komo sau 10 tsakanin alamomi biyu masu tazarar mita 100, ana tashi a iskar da ta kama daga mita 3 har zuwa 25 a daƙiƙa, kuma doka ta ƙayyade nauyin jirgi kada ya wuce kilo 5, nauyin kan fiffike kuma kada ya wuce giram 75 a murabba'i. Iskar tudun da ake magana a kai ba komai ba ce a wurin irin wannan jirgi. Abin da ya fitar da shi daga lissafi shi ne wurin sauka, domin bayan ƙoƙuwar tudun ɗan fili ne ƙunci mai duwatsu, kuma fatar da aka zuba a mazubi ba ta gyaruwa da sauƙi a hannun wanda bai saba ba.

Ta uku, wadda ya ɗauka, ita ce ya ƙera matsakaicin jirgi da kansa, mai fikafikai mita 1.5, da leɓɓa a bayan kowane fiffike don karkatar da shi kai tsaye. Da ni aka bi, da na ce ya fara da na EPP, saboda bai taɓa tuƙa jirgi mai leɓɓan fiffike ba, kuma irin wannan jirgi ba ya miƙewa da kansa, duk yadda aka karkata shi haka zai zauna sai an dawo da shi. Ya bi rabin shawarar, domin ya ari na EPP ya yi makonni yana koyo da shi a tudun yayin da yake ginin nasa, kuma yawan faɗuwar da wancan jirgi ya sha ya nuna cewa aron bai tafi a banza ba.

Ginin

An tsayar da matsakaicin faɗin fiffike a santimita 18, wanda ya ba da murabba'i 27, aka kuma yi nufin jirgin ya kammala da giram 1,100, wato giram 41 a murabba'i, kusan ninki biyu na tsohon. Siffar yanka RG15 ce. An yanka cikin fiffiken daga farar kumfa da waya mai zafi da ke bin gefen samfuri biyu, ɗaya a gindi ɗaya a baki, kuma a nan ne ya ɓata kumfa biyu kafin ya gane cewa idan waya ta yi zafi da yawa ko hannu ya yi jinkiri, sai ta cinye siririn bayan fiffiken. An lulluɓe kumfar da fallen katakon obeche mai kaurin milimita 1 da gam na ifoksi, bayan an shimfiɗa zaren kabon a ƙarƙashin fallen, sama da ƙasa, a layin da fiffike ya fi kauri. Aka mayar da shi cikin ɓawon kumfar da aka yanko shi daga ciki, aka danne da nauyi a kan tebur madaidaici har ya kwana. Fatar katako da ta kewaye fiffike gaba ɗaya tana hana shi murɗewa, abin da ledar tsohon jirgin ba ta iya yi, kuma murɗewa a babban gudu ita ce mafarin karkarwar da ke tarwatsa fiffike cikin ƙiftawar ido. An haɗa ɓangarorin biyu suka zama guda, da 'yar tanƙwara kaɗan, aka naɗe mahaɗar da zaren gilas.

Kowane leɓen fiffike ya samu nasa sarbo, wato 'yar na'urar da ke karɓar umarnin rimot ta motsa leɓe, mai haƙoran ƙarfe, an binne shi cikin fiffike da gajeriyar sanda zuwa leɓen. An saita leɓɓan su riƙa hawa fiye da yadda suke sauka, domin leɓen da ya sauka yana ƙara turjiya a ɓangarensa ya ja hanci zuwa inda ba a nufa ba. An kuma rufe tsagar da ke tsakanin leɓe da fiffike da siririn tef. Gangar jikin ta filawud ce da aka lulluɓe da zaren gilas, kuma a maimakon robobin da suka riƙe tsohon fiffike, waɗanda ke miƙewa su bar shi ya ɗaga idan an ja sanda, an yi amfani da kusoshin nailan biyu masu tsinkewa idan an yi mummunar sauka, su saki fiffiken kafin ya karye.

Wurin da aka fi ɓata lokaci a kansa shi ne bututun ƙarin nauyi. An kafa shi a ƙasan fiffike ta yadda tsakiyarsa ta faɗa daidai kan cibiyar nauyin jirgin, wato wurin da idan aka tallabe shi gaba da baya ke daidaita, aka yanka tagulla gunduwa biyar, kowace giram 100, da gutsattsarin katako masu tsawo ɗaya da su. Idan za a sa gunduwa ɗaya, a tsakiya take zama katako ya cike gaba da baya, idan biyu ne ko uku a jera su daidai wa daida a kewayen tsakiyar, ta yadda ko nawa aka sa cibiyar ba ta gusawa kuma babu abin da ke zamewa a sama. Da cikakken lodi jirgin yana kai giram 1,600, wato giram 59 a murabba'i. Da yake zaren kabon yana tare saƙon rediyo, an fito da eriyoyin na'urar karɓa nesa da shi, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

Gwaji a bakin tudu

Ranar gwajin farko ma'auni ya nuna mita 10 a daƙiƙa, kuma ba a sa tagulla ko ɗaya ba. An jefa jirgin da ƙarfi, hancinsa a ɗan sunkuye, domin jirgin da aka jefa hanci sama a irin wannan iska kan mai jifan yake komawa. Lissafi ya ce, da wannan nauyi da siririyar siffar yankansa, gudunsa na natsuwa kimanin mita 11 ne da rabi, don haka da farko ya yi kamar zai tsaya, amma da aka ɗan taɓa sanda sai ya zarce gaba ba tare da ya zubar da tsayi ba, kuma nan ne bambancin siffar yanka ya bayyana fiye da bambancin nauyi. Da ya yi nisa da bakin tudun sai tafiyar ta ƙara sauƙi, saboda iska ta fi matsuwa da gudu a daidai ƙoƙuwa, inda ake tsayawa a auna ta.

An fara da cibiyar nauyi a kashi 30 cikin 100 na faɗin fiffike, milimita 54 daga gaba. Don a gwada ta, sai a daidaita jirgi ya tafi a miƙe, a nutsar da shi, a saki sanda a ga abin da zai yi. Wannan ya ɗago hanci da sauri, alamar cewa gaba ya yi nauyi kuma an biya wannan nauyi da ɗaga leɓen wutsiya. Jirgin da ke haka yakan yi tsalle sama duk lokacin da iska ta buge shi, ya rasa gudunsa a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Aka riƙa rage dalmar hanci kaɗan-kaɗan har cibiyar ta koma milimita 60, inda jirgin ke fita daga nutso a hankali cikin dogon lanƙwasa. Bai wuce nan ba, domin idan aka ƙara ja baya jirgi yakan ƙara nutsewa da kansa maimakon ya ɗago.

A tashi na huɗu, da gunduwa uku a ciki, an ji wani kuka kamar na zuma daga fiffiken hagu yayin wucewa da gudu. Da aka sauko aka duba, sai ga shi ramin da sandar sarbo ke shiga a ƙahon leɓen, wato ɗan hannun da ke manne da shi, ya fi sandar faɗi, har leɓen yana iya motsi kimanin milimita 2 ba tare da sarbo ya motsa ba. An sauya ƙahon da wanda raminsa ya kama sandar tsam, kukan bai sake dawowa ba. Daga baya, a ranar da iska ta kai mita 14, an cika bututun, kuma jirgin ya riƙa ratsa bugun iska ba tare da tangaɗin da yake yi idan babu lodi ba.

Sauka ce har yanzu ba ta gama daidaita ba. Da cikakken lodi fiffiken yana sakin iska, wato ya daina ɗaga jirgin, idan gudu ya sauka zuwa kimanin mita 10 a daƙiƙa, kuma iskar da ke daf da ƙasa ta fi ta sama rauni, don haka jirgin da ya zo a sanyaye yakan rasa abin riƙewa a mita biyu na ƙarshe ya faɗo. Manyan jiragen tsere suna da ƙarin leɓɓa na ciki da ake saukewa ƙasa sosai yayin da na waje ke hawa, su zama birki, amma wannan ba shi da su. Abin da aka yi shi ne saita rimot ta yadda maɓalli ɗaya zai ɗaga leɓɓan biyu tare, wanda ke rage ɗagawa ya sa jirgin ya zauna, sai dai ba ya rage gudu sosai. Ya zuwa lokacin rubuta wannan nazari kusoshin nailan sun tsinke sau uku, fiffiken bai samu ko tsaga ba, kuma mai jirgin ya fara zana wani fiffike mai leɓɓa huɗu a kan gangar jikin nan. Tsohon jirgin kuma an gyara shi, an sa allo tsakanin sandunan azararsa har zuwa inda fiffike ya tanƙware, an cire masa dalmar, kuma shi ake jefawa a ranakun da iskar tudun ta gaza mita 5, lokacin da sabon ba ya iya tsayawa a sama.